Daren jaz da liyafa don koyar da yara fasaha: zai yi riba a Garwa?

Wata malamar makaranta ta rubuto daga Garwa, a arewacin Kamaru: "Assalamu alaikum. Muna da ƙaramar ƙungiya da ke koya wa yara zane, wasan kwaikwayo da kiɗa ranar Laraba da yamma da ranar Asabar. Asusunmu ya ƙafe. Na ga a Turai da Amurka ana shirya daren kiɗan jaz tare da liyafar cin abinci, a sayar da tikiti mai tsada, ribar ta tafi ga koyar da yara. Shin wannan zai yiwu a nan? Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar yaran nan. Zai yiwu, kuma Garwa tana da mutanen da za su cika miki zaure. Amma in kika dogara da kuɗin tikiti da abin da za a tara a daren, ina jin tsoron kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Na daɗe ina koyar da kiɗa, na kuma shirya irin wannan taro ba sau ɗaya ba tsakanin Garwa da Ngawundere. Na farkon da bashi na fita, sai da na yi wata huɗu ina biyan mai dafa abinci daga albashina. Saboda haka bari mu fara da lissafi, kiɗan ya ɗan jira.

Ki ɗauki takarda da biro. Lambobin da zan kawo na misali ne, ke za ki sa na gaskiya bayan kin zaga kin tambayi farashi. A ce zauren otel ne mai cin tebur 20, kowane tebur mutum 8, kujera 160 ke nan. A ce tikiti sefa 15,000. A kan takarda kin samu 2,400,000, har kin fara murmushi. To amma wakilin gwamna ba zai sayi tikiti ba, haka tawagar fada, haka 'yan jarida, haka iyayen yaran da za su hau dandamali, kuma ba ki isa ki hana ɗayansu kujera ko faranti ba. In Allah ya taimake ki kika sayar da 110, abin da ya shigo hannunki 1,650,000 ne. Abinci kuwa na mutum 160 za ki biya. A 6,000 kowane kai, 960,000 sun tafi. Hayar zaure 200,000. Kayan sauti da janareto da mansa 250,000. Makaɗa 400,000. Katin gayyata, sanarwar rediyo da zirga-zirgar takardu 100,000. Jimilla 1,910,000. Kin yi wata uku ba barci, kowa ya ci ya ƙoshi ya tafa, an yi hotuna masu kyau a Facebook, ke kuma kina da giɓin 260,000, yaran ba su samu ko fensir ba.

Abin da ba ya fitowa a bidiyon da kika gani shi ne, a can kuɗin sun riga sun shiga asusu kafin a kunna fitilar zauren. Kamfanoni ne ke sayen tebur sukutum a farashin da ya ninka kuɗin abincin sau da yawa, kuma a Amurka wanda ya ba ƙungiyar jinƙai mai rajista kyauta yana iya samun rangwamen haraji a kai. Ƙungiyoyin suna da jerin masu ba su gudummawa da suka yi shekaru suna tarairaya. Daren liyafar na godiya ne da nuna wa mutane inda kuɗinsu ke tafiya. Wannan shi ne abin da ya kamata ki kwaikwaya. Farin ƙyallen tebur da kyandir ko ba su ba, taro zai yi.

Kuma kada ki ɗauka baƙon abu za ki kawo wa mutanenmu. Bahaushe ya san ajo tun kaka da kakanni: a kira makaɗi, a gayyaci abokan arziki, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa don a tayar da wani. Ya san gidauniya, inda akan nemi babban mai ƙaddamarwa ya buɗe da kaso mai tsoka, saura su biyo. In kika je gaban Alhajin da ke fataucin shanu kika ce masa "daren jaz", zai dube ki ya ce Allah ya ba da sa'a. In kika ce gidauniya ce ta yaran unguwa, da liyafa da kiɗa, kuma ana so shi ya buɗe, ya fahimci matsayinsa a ciki nan take. Amma gidauniya tana da cutarta, ita ce alƙawarin bainar jama'a. Na taɓa ganin mutum ya karɓi makirifo ya yi shelar miliyan guda, zaure ya ɗauki tafi da guɗa, har yau ban ga sisinsa ba, kuma ba yadda za ki yi ki kai ƙarar wanda ya yi miki alheri da baki. Tun daga ranar na sa wa kaina doka: abin da bai shigo hannu ba, ba na sa shi cikin lissafi. Duk wanda za a ambaci sunansa a daren, kuɗinsa ya riga ya iso, ko a ambulan ko ta Orange Money ko MTN MoMo. Ki sa mutum biyu amintattu a tebur kusa da ƙofa da littafin rasit, don wanda zuciyarsa ta motsa a daren ya biya kafin ta huce.

Mu koma kan lissafin. In kika sayar da tebur 8 ga kamfanoni da manyan 'yan kasuwa a 250,000 kowanne, kin samu 2,000,000 kafin ki buga ko tikiti ɗaya, kuma duk kashe-kashen da muka lissafa sun biyu. Daga nan duk abin da ya shigo na yara ne. Garwa ba ta rasa ƙofofin da za a ƙwanƙwasa ba. A nan hedikwatar kamfanin auduga na Sodecoton take, ga rassan bankuna, ga kamfanonin waya, ga masu motocin haya na dogon zango, ga masu kantin magani, ga dillalan hatsi da na shanu. Kamfani ba ya ba da kuɗi don an burge shi. Yana da kasafin talla da na ayyukan jama'a, kuma wasiƙar da ta iso mako biyu kafin taro sai dai ta kwana a aljihun tebur. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kai wasiƙa wata uku zuwa huɗu kafin lokaci, shafi ɗaya, da Faransanci, ta faɗi yara nawa, me ake koya musu, nawa ake nema, kuma me kamfanin zai samu: tebur, tambarinsa a jikin allon dandamali, ambato a rediyo. Kada ki aika ta hannun masinja ki koma ki zauna. Ki nemi wanda ya san wani a ciki ya raka ki, da ɗan gari akan ci gari.

Wanda ba zai ba da tsabar kuɗi ba, ki roƙe shi abin da yake da shi. Buhun shinkafa biyu, rago, katan-katan na lemo, man janareto, ko mai otel ya yafe hayar zaure. Kowane ɗaya yana goge miki layi guda a jerin kashe-kashe, kuma ya fi sauƙin fita daga hannun ɗan kasuwa. Sai 'yan Garwa da ke Yawunde da Duwala da Faransa. Ba za su zo ba, amma da yawansu za su sayi kujera su ce a ba wani yaro da mahaifiyarsa su zauna. Wannan ya warware miki matsalar iyayen da ba su da halin tikiti.

Batun hukuma kada ki yi masa riƙon sakainar kashi. Ƙungiyoyi a Kamaru suna ƙarƙashin doka mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990, kuma a cikinta akwai sashen da mutane da yawa ba su karanta ba: ƙungiyar da aka yi wa rajista kawai a ofishin furefe (shugaban mulkin gunduma), wadda ba a ba ta matsayin mai amfanin jama'a ba, ba ta da hurumin karɓar tallafin hukuma ko kyautar dukiya daga masu zaman kansu. Akwai kuma dokar 1983 da ta ce neman taimako daga jama'a sai da izini, sannan a 2020 an yi doka ta musamman kan ƙungiyoyin fasaha da al'adu. Ba don in tsorata ki na kawo su ba. Ki ɗauki takardun ƙungiyarku ki je ofishin ma'aikatar fasaha da al'adu na jihar Arewa, ki ce ga abin da kuke son yi, su nuna miki ƙofar da ta dace da ku, kuma in da hali ki zauna da wanda ya san doka na awa guda. Taron kansa sai an sanar da sufurefe, wato jami'in mulkin yankin da zauren yake, doka ta ce aƙalla kwana uku kafin ranar, ni dai mako biyu nake ba su. Ki sanar da 'yan sanda. Ki kuma sa kuɗin haƙƙin mallakar waƙoƙi cikin kasafinki, domin wakilan SONACAM, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa wannan kuɗi, suna iya bayyana a ƙofa ana tsakiyar wasa, kuma gara ki daidaita da su tun da rana.

Yanzu kiɗan. Tambayar da ban ji kin yi ba, amma ya kamata ki yi, ita ce: mutum nawa ne a Garwa za su zauna awa biyu suna sauraron jaz zalla? Kaɗan ne. Wasu malaman jami'a, wasu likitoci, ma'aikatan da aka turo daga kudu, baƙin da ke zuwa cibiyar al'adun Faransa ta Alliyans Faransez. Ba za su cika tebur 20 ba, kuma yawancinsu ba su ne masu sayen tebur ba. Duk da haka ban ce ki jefar da jaz ba, domin yana da wata fa'ida da ta dace da aikinki fiye da kowane kiɗa.

Jaz ya taso ne a birnin New Orleans na Amurka a farkon ƙarni na 20, a hannun baƙaƙen fata jikokin bayin da aka kwasa daga nahiyar nan, kuma faifansa na farko ya fito a 1917. Tsarinsa mai sauƙin bayani ne. Ƙungiya ta buga karin waƙa gaba ɗaya, sannan kowane makaɗi ya karɓa shi kaɗai ya yi ta sarrafa karin yadda ya zo masa a lokacin, saura suna riƙe masa ƙasa, a ƙarshe a dawo kan karin farko. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mawaƙi da 'yan amshinsa ya ga yadda yake ƙirƙirar ɗango nan take don wani ya shigo fili, ya san wannan. Shi ya sa jaz ke da ƙofa a buɗe: ana iya shigo da algaita, ana iya shigo da garaya ko molo ko kalangu, ana iya shigo da yaro ɗan shekara goma sha biyu ya yi nasa ɗan gajeren zagaye ya koma. Kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Louis Armstrong ya yi wasa a Kamaru a rangadinsa na Afirka a 1960. Manu Dibango, haifaffen Duwala a 1933, ya yi rayuwarsa yana haɗa saksofon da kiɗan gida har ya rasu a 2020. Yusef Lateef, Ba'amurke Musulmi kuma gwanin busa, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani. Abin da manyan jaz suka taso takanas suka zo nema, yana nan bakin ƙofar fadar Lamiɗo kowace Juma'a.

Amma haɗin ba ya yiwuwa da ka, kuma a nan na ga an fi yin abin kunya. Algaita ba ta bin ma'aunin piyano. Kowace da muryarta gwargwadon yadda aka sassaƙa ta, kuma mai busa ba ya tsayawa ya ja numfashi, yana shaƙa ta hanci yana turawa da iskar da ya tara a kumatu, sautin bai yanke ba. In mai piyano ya ce zai bi ta da sauye-sauyen da ya saba, za ki ji kamar kishiyoyi ne ke cacar baki. Abin da na ga yana aiki shi ne a bar mai algaita ya fara shi kaɗai. Mai jita bas ya lalubo muryar da algaitar ta fi komawa kanta, ya kama ta ya zauna a kai. Mai ganguna ya shiga ƙarƙashin kalangu, kada ya hau kansa. Piyano na lantarki ana iya ɗaga muryarsa ko a sauke kaɗan har ta yi daidai da ta algaitar, sannan mai shi ya rage hannu. Kada a sa wa algaita makirifo a cikin zaure. Don fili da hawan sallah aka yi ta, ita kaɗai ta ishi kunnen kowa. Garaya da molo sun fi sauƙin sha'ani tunda ana iya ɗaure tsirkiyarsu ta bi sauran. Duk wannan yana son gwaji aƙalla sau huɗu, kuma makaɗan fada ba yaran kowa ba ne, ta hannun shugabansu ake neman su, da goro da girmamawa, a kuma biya su kamar yadda za a biya mai saksofon.

Kada ki ɗauko ƙungiya guda daga Duwala ko Yawunde. Jirgin ƙasa na kwana zuwa Ngawundere, sannan mota ta gangaro dutse zuwa Garwa, ko tikitin jirgin sama na mutum biyar, ga masauki ga abinci, ribarki ta ƙare a hanya. A garin nan akwai masu piyano da bas da ganguna da suka goge a majami'u da wuraren biki, akwai masu busa a ƙungiyoyin badujala. In kuɗi sun yarda, ki gayyato mutum ɗaya tak, gwani, da sharaɗin ya iso kwana uku kafin taro ya zauna da yaranki safe da yamma. Kwana ukun nan sun fi daren kansa amfani, kuma suna cikin abin da za ki faɗa wa masu sayen tebur.

Akwai maganar da mu masu wannan sana'a ba ma son a taɓo, amma gara ki ji ta daga bakina. A wurin iyaye da yawa, Hausawa da Fulani, kiɗa roƙo ne, kuma roƙo gadon wasu gidaje ne. Uban da ya yarda 'yarsa ta koyi zane ba lallai ya yarda a gan ta riƙe da jita gaban maza da dare ba. Wasu kuma dalilinsu na addini ne. Kada ki tsaya jayayya da kowa, kuma kada ki ɗauko sunayen Musulmin da suka yi fice a jaz ki ce hujja ce, ba fatawa ba ce, tarihi ne kawai. Ki bi gida gida ki nemi izinin kowane yaro a rubuce, wanda aka hana kada ki matsa. Ki bar aikin ƙungiyar ya fito da faɗinsa: zanen yara a jere a bango tun daga ƙofa, zayyana irin ta allo, ɗan wasan kwaikwayo na minti goma, waƙar baka. Iyayen su zauna a gaba, su tafi da 'ya'yansu da zarar sun gama. Giya kuwa kada ta hau tebur. Na san masu sayar da ita su suka fi kowa saurin ɗaukar nauyin wasan kiɗa, kuma kuɗinsu na da auki, amma taron yara ne, kuma ranar da tambarin kwalba ya fito a hoto bayan 'yar wani, kin rasa rabin ɗalibanki da duk tawagar fada.

Sai liƙi. Da zarar kalangu ya ambaci wani, zai taso ya fara manna kuɗi a goshin makaɗi, kuma a al'ada kuɗin na makaɗin ne. In ba a yi magana tun farko ba, a bayan dandamali za a yi rigima, na gani da idona. Ki zauna da su kafin ranar a yanke: ko dai a ƙara musu lada, liƙin duka ya shiga asusun yara, ko a raba biyu. Mai gabatarwa ya sanar da jama'a abin da aka yanke, a ajiye ƙwarya a gaban dandamali.

Ranar 30 ga Afrilu ita ce ranar jaz ta duniya, UNESCO ta ayyana ta a 2011, kuma za ki ji masu ba ki shawarar ki ɗora taronki a kanta. Wanda ya san Garwa a watan Afrilu ba zai ba ki wannan shawara ba. Zafi ya haura digiri 40, ruwan madatsar Lagdo da ke ba garin lantarki ya ja baya, wuta tana zuwa tana tafiya. Daga Yuni zuwa Satumba kuma hadari zai iya tashi ya watsa miki taro. Disamba zuwa farkon Fabrairu ya fi, ana iya yi ma a fili a huta da kuɗin sanyaya ɗaki. Makon da ke gaban 11 ga Fabrairu, ranar matasa ta ƙasa, yana da daɗin sayarwa ga hukuma da kamfanoni domin hankalin kowa na kan yara. Ki duba kalanda kada ya faɗa cikin azumi, ki kuma sa shi 'yan kwanaki bayan an yi albashi. A buɗe ƙofa bayan Magariba, a tanadi wurin alwala da tabarmi, a fara bayan Isha'i, a tashi kafin sha ɗaya. Janareto ki ɗauka shi ne wutarki, ta gari ita ce ta ko-ta-kwana, kuma a gwada shi da dukkan kayan sauti a kunne tun da la'asar.

Abinci ba na son ki wahalar da kanki. Giwan ruwa na Binuwai gasasshe, shinkafa, tuwon dawa da miyar yakuwa ko ta tafasa, tsire, kilishi a ƙananan faranti, zoɓo da kunun aya masu sanyi, shayi a ƙarshe. Mutane su ɗiba da kansu. Ya fi abincin Turawa araha, ya kuma fi shi shiga. Lokacin cin abinci mutum uku su riƙa taɓa kiɗa a hankali, ba wanda ke sauraron gwaninta da cokali a hannu. Wasan gaske sai an kwashe faranti.

Jawabai su ne ke kashe irin wannan dare. Uku sun isa: ke, uban taro, da mai ƙaddamarwa, kowa minti biyar, kuma ki sami mai gabatarwa da ke juya harshe tsakanin Faransanci da Fulatanci da Hausa, wanda ke da fuskar da zai karɓe makirifo daga hannun babba cikin raha. Yara su fito da wuri, kafin barci ya kama su. Neman gudummawa ya biyo bayan wasansu nan take, tafin bai gama mutuwa ba, gani ya kori ji. Kuma kada ki ce "a taimaka wa fasaha", ba wanda ya san farashin fasaha. Ki ce sefa kaza na biyan malamin zane wata guda, sefa kaza na sayen takarda da fenti na yaro ɗaya shekara guda. Mutum yana son ya san abin da ya saya.

Wannan ya kawo ni kan inda kuɗin za su tafi, kuma a nan ne na fi tsauri. Masu ba da gudummawa suna son kayan da ke ƙyalli, domin ana ɗaukar su hoto. Ni kuwa na shiga ɗakunan ajiya na makarantu na ga ƙahonni da saksofon da aka kawo kyauta, ƙura ta rufe, ba mai koyarwa, ba mai gyara. Hunturunmu ba ya raga wa kayan Turai: ɗan harshen gora da ake sa wa bakin saksofon yana bushewa ya tsage, fatun da ke toshe ramukansa suna ƙanƙancewa iska ta riƙa zurarewa, wuyan jita yana lanƙwashewa, piyano na katako kuwa sai an ɗauko mai saita shi daga kudu. Armstrong da na ambata, yana ɗan shekara 11 aka kama shi a daren sabuwar shekara, ƙarshen 1912, don ya harba bindiga sama, aka kai shi gidan horon yara. Abin da ya tarar a can malami ne, Peter Davis, da ƙungiyar busa da ke gwaji a kai a kai. Hugh Masekela na Afirka ta Kudu yana ɗan shekara 14 limamin coci Trevor Huddleston ya ba shi ƙaho, kowa na ba da wannan labari, amma an cika manta cewa ya kuma nemo masa shugaban 'yan badujalar birnin Johannesburg ya koya masa. Richard Bona kuwa, ɗan Minta a ƙasar nan, da hannunsa ya ƙera kayan kiɗansa na farko. Kaya ana iya ƙirƙira, ana iya ara. Malamin da zai zo kowace Laraba da Asabar har wata goma, shi ne ba ya samuwa sai da albashi.

Don haka in ribarki ta kai, a ce, miliyan ɗaya da rabi, ni ga yadda zan yi da ita. Malamai biyu a 40,000 kowane wata, wata goma, 800,000, a ware su a asusu kada a taɓa ko da rufin ɗaki ya yaye. Sannan kayan da ke ƙarewa, takarda, fenti, tsirkiya, fatar ganga. Sannan kuɗin mota na yaran da ke zuwa daga nesa, musamman 'yan mata, waɗanda rashin kuɗin ɗan acaɓa kaɗai ke sa su daina zuwa. Abin da ya rage a sayi kayan kiɗa masu jure wahala waɗanda ake gyarawa a kasuwar garin nan: kalangu, ganguna, sarewa, garaya, jita biyu, piyano na lantarki ɗaya da mayafinsa. Saksofon ya jira shekara ta uku, lokacin da aka samu yaron da ya nuna da gaske yake.

Cikin mako biyu bayan taro, ki rubuta shafi ɗaya: ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga abin da ya rage, ga inda zai tafi. Ki kai wa duk wanda ya sayi tebur da ƙafarki, tare da zanen yaro guda a matsayin tukwici. Bayan wata shida ki gayyace su ranar Asabar su zo su ga aji, ba kiɗa ba abinci. Waɗanda suka zo, su ne za ki fara nema baɗi.

Ki sa wa kanki wa'adi tun yanzu: mako shida kafin ranar, ki ƙirga abin da ke hannu, tsaba da kayan da aka riga aka kawo. In ya rufe duk kashe-kashe, ki buga tikiti. In bai rufe ba, kada ki ci bashi, kada ki biya kafin alƙalami na otel. Ki mayar da taron harabar makarantarku da la'asar sakaliya, kujerun haya, shayi da tsire da zoɓo, makaɗa huɗu da mai algaita, yaranki a gaba, ƙwarya da littafin rasit a bakin ƙofa. Ki sanar da waɗanda suka riga suka biya cewa an sauya wuri, kuɗinsu kuma na nan a asusun malamai.